Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Hujjar Keɓe Memori Domin Ranar da Kwamfuta Za Ta Rushe

Duk wanda ya taɓa riƙe amanar babbar kwamfutar wata ma'aikata ya san irin wannan safiya. Ya iso ofis ya tarar saƙonni sun taru, ana sanar da shi cewa cikin dare na'urar ta tsaya cik, sannan ta sake tashi da kanta. Komai ya koma daidai, ma'aikata suna aikinsu, sai dai shugaba ya kira shi ya yi masa tambaya guda: me ya faru? Ya buɗe kundin da na'urar ke rubuta abin da ke wakana a cikinta, ya ga layin ƙarshe kafin tsayawar bai nuna wata matsala ba, layin da ke biye kuwa na sabon tashi ne. Tsakanin layukan biyu, inda amsar ta kamata ta kasance, babu ko harafi ɗaya. Sai ya ce wataƙila wuta ce ta yi wasa, wataƙila zafi ne ya yi yawa, wataƙila faifai ne ya fara gajiya. Bayan mako uku abin ya sake faruwa, wannan karon da rana tsaka, jama'a na tsaye a layi suna jira.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan jahilci ba ƙaddara ba ne, zaɓi ne da aka yi tun ranar da aka girka na'urar. A tsarin Linux, wanda ke tafiyar da mafi yawan sabobin intanet na duniya, akwai hanyar da kwamfuta za ta bar cikakkiyar shaida game da mutuwarta. Farashin wannan hanya shi ne a keɓe wani ɗan yanki na memori tun daga lokacin kunnawa, a hana kowace manhaja taɓa shi, ya zauna haka watanni ko shekaru yana jiran ranar da ba a fata. Mutane da yawa suna ganin wannan almubazzaranci ne. Ni kuwa ina ganin duk na'urar da albashin mutane, ko bayanan marasa lafiya, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai ya rataya a kanta, wajibi ne a biya mata wannan farashi. Akwai kuma inda bai dace a biya ba, zan faɗi wurin idan mun je.

Abin da ke mutuwa idan kwamfuta ta mutu

A tsakiyar kowace babbar manhaja akwai ɓangaren da ake kira kanel. Shi ne ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da memori, shi ke magana da faifai da katin sadarwa da sauran kayan ƙarfen da ke cikin akwatin. Idan wata ƙaramar manhaja ta yi kuskure, kanel yakan kashe ta ya rubuta dalili a kundi, sauran aiki ya ci gaba. Amma idan kuskuren a cikin kanel ɗin kansa ya auku, babu wani na sama da shi da zai kama shi. A wannan hali Linux yakan shiga abin da masu harkar ke kira firgita: ya dakatar da komai da gangan, domin ci gaba da aiki da gurɓataccen hankali yana iya sa ya rubuta shirme a kan bayanan da ke faifai, ɓarnar ta fi ta tsayawa muni.

To a nan ne matsalar take. Duk abin da zai bayyana dalilin firgitar, wato wane umarni ake aiwatarwa, wane direba ne ya kira shi, me ke cikin jadawalin da ya lalace, yana cikin memorin aiki, wanda aka fi sani da RAM. Shi kuwa wannan memori ba ya riƙe amana bayan an sake kunna na'ura. Sannan kanel ɗin da ya firgita ba zai iya rubuta kundinsa a faifai ta hanyar da ya saba ba, tunda hanyar tana bi ta cikin sassan da yanzu ba a yarda da lafiyarsu ba. Saƙon ƙarshe yakan bayyana a allo, amma sabar da ke ɗaki a kulle ba ta da mai kallon allonta da ƙarfe uku na dare.

An daɗe ana neman mafita. A farkon shekarun 2000 akwai hanyoyi irin su LKCD da diskdump da netdump. Dukansu sun yi tarayya a rauni guda: suna roƙon kanel ɗin da ya rushe ya yi amfani da direbobinsa ya kwafe memori zuwa faifai ko ya tura ta hanyar sadarwa. Wannan kamar a nemi mutumin da ya faɗi sumamme ya tashi ya rubuta wa likita bayanin ciwonsa ne. Wani lokaci yakan yi nasara, wani lokaci ya maƙale a tsakiya, mafi muni kuma ya rubuta a wurin da bai kamata ba.

Kanel na biyu mai jiran gado

Mafitar da ta tsaya ita ce kdump, wadda ta shiga Linux a sigar 2.6.13 cikin shekarar 2005. An gina ta a kan wata dabara mai suna kexec, wadda Eric Biederman ya jagoranta, injiniyoyin kamfanin IBM irin su Vivek Goyal kuma suka yi babban aiki a ɓangaren ɗaukar shaida. Abin da kexec ke yi shi ne tayar da sabon kanel kai tsaye daga cikin wanda ke aiki, ba tare da an koma ta manhajar farko ta allon uwa ba. Wannan tsallake yana da muhimmanci ƙwarai, domin komawa ta can ne ke iya share abin da ke memori.

Ga yadda lamarin ke tafiya. Lokacin kunna na'ura, ana ba kanel umarni mai suna crashkernel tare da adadi, misali megabait 256. Tun kafin ya fara rabon memori, sai ya yanke wannan yanki ya fitar da shi daga lissafinsa. Bayan na'ura ta gama tashi, ana loda wani kanel na biyu a cikin yankin, tare da 'yan kayan aikin da zai buƙata, a bar shi kwance. Ranar da kanel na farko ya firgita, aikin da ya rage masa kaɗan ne: ya tsayar da sauran kawunan sarrafawa, ya adana halin da kowannensu ke ciki, ya miƙa ragama. Kafin miƙawar akwai ɗan guntun umarni da ke auna kanel na biyu da ma'aunin SHA-256, don a tabbatar rushewar ba ta taɓa shi ba. Daga nan sabon kanel ya tashi a cikin ɗan yankinsa, yawanci da kan sarrafawa ɗaya tak, yana kallon tsohon memori gaba ɗaya a matsayin fayil mai suna vmcore. Wata manhaja mai suna makedumpfile ta tace fayil ɗin, ta zubar da shafukan da babu komai a cikinsu da waɗanda ba a buƙata, ta matse sauran, ta rubuta a faifai ko ta aika zuwa wata na'ura. Sai kuma a sake kunnawa kamar kullum.

Da safe injiniya yana da abin dubawa. Da manhaja irin su crash, wadda Dave Anderson ya daɗe yana kula da ita a Red Hat, ko drgn wadda Omar Sandoval ya ƙirƙira, zai ga ainihin layin da aka tsaya, da jerin kiraye-kirayen da suka kai ga wurin, da saƙonnin ƙarshe da ba su samu isa faifai ba.

Me ya sa sai an keɓe tun farko?

Wannan ita ce tambayar da mai hankali zai fara yi. Tunda rushewa ba kullum take faruwa ba, me zai hana a bar memorin ana amfani da shi, in ya so ranar da abin ya auku a nemi wuri? Dalilai uku ne suka hana.

Na farko, mai rabon memori shi ne kanel, kuma shi ne ya rushe. Tambayarsa ina ne babu kowa a wannan lokaci dogaro ne da jadawalin da wataƙila shi ne ya lalace tun farko.

Na biyu, kanel na biyu yana buƙatar fili a haɗe wuri ɗaya. Na'urar da ta yi watanni tana aiki memorinta ya riga ya daddatse, kamar filin gado da aka yi ta rabawa har babu inda za a gina babban ɗaki ko da jimillar abin da ya rage tana da yawa. Lokacin da ake da tabbacin samun fili a haɗe shi ne farkon tashi, kafin kowa ya kafa turke.

Na uku shi ne mafi ƙarfi, kuma shi ne aka fi mantawa. Kayan ƙarfe irin su katin sadarwa da mai sarrafa faifai suna da ikon rubutu kai tsaye a memori ba tare da sun bi ta kan sarrafawa ba. Kanel yakan ce wa kati, duk abin da ya shigo ka zuba shi a wuri kaza, katin kuma ya ci gaba da zubawa. Idan kanel ya mutu, babu wanda ya sanar da katin. Zai ci gaba da rubutu a inda aka nuna masa. Da a ce sabon kanel ya sauka a wurin da tsohon ya taɓa amfani da shi, ana iya rubutu a kansa yana tsakiyar tashi. Yankin da aka keɓe kuwa tsohon kanel bai taɓa nuna wa wani kati shi ba, saboda haka babu abin da zai faɗa ciki. Zaman banzan da ake zargin yankin da shi, shi ne ainihin abin da ya ba shi daraja. Manomi ya san wannan hikima: irin shuka ba a haɗa shi rumbu ɗaya da hatsin da ake ɗiba kullum, domin hannun da ya saba shiga wuri ba ya tambaya kafin ya ɗiba.

Nawa ne kuɗin?

Mu yi lissafi da adadi na gaskiya. A Red Hat Enterprise Linux 9, a kan na'urori na gama-gari, ƙa'idar da aka fara da ita ita ce megabait 192 ga ƙananan na'urori, 256 ga matsakaita, 512 ga masu gigabait 64 zuwa sama. Idan sabar tana da gigabait 32 aka keɓe megabait 256, abin da aka rasa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan tana da gigabait 256 aka keɓe 512, kashi ɗaya ne cikin ɗari biyar. Babu ma'aikacin da zai ji wannan a saurin aikinsa. A ɗaya gefen ma'auni kuwa akwai kwanakin da injiniya zai ɓata yana canki-canka, da kayan da za a sauya bisa zato alhali lafiyarsu ƙalau, da rushewa ta biyu da ta uku waɗanda da an magance tun ta farko.

Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba. Duk wanda ya taɓa kai ƙarar matsala ga kamfanin da ya sayar masa da na'ura ko manhaja ya san tambayar farko da za a yi masa: kana da vmcore? In babu, amsar da ya fi samu ita ce ya kunna kdump ya jira abin ya sake faruwa. Wato dai za a biya farashin memorin ko ana so ko ba a so, sai dai wanda ya jinkirta ya ƙara da farashin rushewa guda a kai. A yankunan da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma, akwai ƙarin amfani. Idan wuta ce ta ɗauke, memori ya tafi nan take, kdump ba zai samu damar yin komai ba. Saboda haka a na'urar da aka tabbatar tsarin yana aiki, samun fayil ɗin da safe ya wanke wuta daga zargi, rashinsa kuma ya karkata bincike zuwa ga wuta da batir da lafiyar ƙarfe. Mun saba ɗora wa wuta laifin kowace mutuwar na'ura, kuma sau da yawa muna da gaskiya, amma ba kullum ba.

Hujjojin masu ja, da abin da ke cikinsu na gaskiya

Masu adawa da wannan ra'ayi ba wawaye ba ne, kuma hujjojinsu huɗu sun cancanci amsa.

Hujja ta farko ita ce ta ƙananan na'urori. Wanda ya yi hayar ƙaramar sabar ta gajimare mai gigabait ɗaya, idan aka cire masa megabait 192, an ɗauke kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biya. A nan na yarda da su ɗari bisa ɗari. Wannan haraji ya yi nauyi, har yana iya jawo ƙarancin memorin da zai haddasa wata matsalar. Ga irin waɗannan akwai hanyoyi masu sauƙi. Akwai pstore da ramoops, waɗanda ke adana saƙonnin ƙarshe kawai a ɗan wuri ƙanƙane da ke tsira daga sake kunnawa, kuma wayoyin Android sun daɗe suna amfani da irin wannan. Idan kuma na'urar ta kwaikwayo ce da ke zaune a cikin wata babba, mai babbar yana iya ɗaukar hoton memorinta daga waje.

Hujja ta biyu ita ce ta masu garke. Kamfanin da ke da sabobi dubu, in ya keɓe megabait 512 a kowace, ya ajiye kimanin gigabait 500 ba ya aiki da su. Sannan irin waɗannan kamfanoni sun gina tsarinsu yadda mutuwar na'ura ɗaya ba ta dakatar da hidima. Me zai sa su damu? Amsata ita ce, garke ne ya fi kowa buƙatar sanin dalili, domin na'urorinsa iri ɗaya ne, kanel ɗinsu ɗaya, direbobinsu ɗaya. Cutar da ta kashe saniya guda yau tana jikin sauran, tana jiran yanayin da zai tayar da ita. Abin da za a iya sassautawa shi ne a kunna tsarin a wani kaso na garken maimakon duka, muddin kason ya ƙunshi kowane irin ƙarfe da ake da shi. Mafi yawan masu karanta wannan maƙala ma ba masu dubu ba ne. Masu uku ne ko goma, kowace kuma tana ɗauke da aikin da babu mai karɓarsa in ta faɗi.

Hujja ta uku ita ce ta lokaci. Kwafe memori mai yawa yana ɗaukar mintuna, kuma a duk tsawon mintunan hidima a tsaye take. Wannan gaskiya ne. Sai dai tacewar da makedumpfile ke yi tana rage girman fayil ƙwarai, tunda yawancin memorin babbar sabar bayanan manhajoji ne da kwafin abin da ke faifai, waɗanda mai binciken kanel ba ya buƙata. Ko da an ƙara mintuna a kan tsayawar farko, ana sayen su ne domin a kauce wa tsayawar da za ta biyo baya.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi a wurina, wato sirri. Hoton memori yana iya ƙunsar mabuɗan ɓoye bayanai, da guntayen saƙonnin da ke wucewa ta hanyar sadarwa, da wasu bayanan abokan hulɗa. Ko bayan an zubar da shafukan manhajoji, abin da ke hannun kanel yana nan. Ma'aikatar da ta bar irin wannan fayil a wurin da kowa ke shiga, ko ta aika wa wani kamfani na waje ba tare da yarjejeniya ba, ta buɗe ƙofar da ta fi rushewar haɗari. Amma maganin wannan tsari ne: a ƙayyade wanda ke da ikon buɗewa, a ƙayyade kwanakin ajiya, a san ta wace hanya ake aikawa. Asibiti ma yana riƙe da sirrin mutane a fayilolinsa, kuma abin da ake nema daga gare shi shi ne ya kulle su da kyau, babu mai cewa ya daina rubutawa.

Mafi munin hali: a biya, a tashi a tutar babu

Akwai wani hali da ya fi rashin keɓewa muni, kuma a ganina ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Shi ne a keɓe memorin, a ga tsarin ya ce a shirye yake, a kwanta da kwanciyar hankali, ranar buƙata kuma kanel na biyu ya kasa kammala aikinsa saboda wurin ya yi masa kaɗan. Memori ya ƙare masa a tsakiyar tashi, na'ura ta maƙale ko ta sake kunnawa babu fayil. An biya haraji shekara biyu, ranar biki kuma babu abin nunawa.

Dalilin haka shi ne babu adadi guda da ya dace da kowa. Buƙatar kanel na biyu ta dogara ga yawan kayan ƙarfen da ke na'urar, da direbobin da dole a loda kafin a kai ga wurin ajiya, da irin wurin ajiyar kansa. Aikawa ta hanyar sadarwa ta fi rubutu a faifan cikin gida cin memori. Faifan da aka ɓoye da tsarin LUKS2 yana da nasa ƙalubale, domin dabarar Argon2 da ke buɗe mabuɗinsa an tsara ta da gangan ta ci memori mai yawa, har zuwa gigabait ɗaya, don ta wahalar da ɓarayi. A manyan na'urori kuma akan raba keɓewar gida biyu, babban kaso a sama, ƙarami a ƙasa da iyakar gigabait huɗu, saboda wasu kayan ƙarfe ba sa iya kaiwa sama da nan. Red Hat ta yi shekaru tana ba da zaɓin da ke ƙiyasta adadin da kansa, amma zaɓin bai samu shiga asalin Linux ba, kuma ita ma ta ajiye shi a siga ta tara ta koma ga jadawalin adadi bayyananne.

Saboda haka gwaji ba ƙari ba ne a kan aikin, rabin aikin ne. Linux yana da hanyar da mai kula da na'ura zai jawo firgita da gangan, ta hanyar aika harafin c zuwa fayil ɗin sysrq-trigger. A zaɓi lokacin da babu aiki, a sanar da waɗanda abin ya shafa, a rusa na'urar da hannu, a zauna a ga ko fayil ya fito, a buɗe shi a tabbatar yana karantuwa. A maimaita duk lokacin da aka sauya kanel zuwa babbar siga, ko aka ƙara kati, ko aka canza wurin ajiya. Na san akwai nauyi a zuciya wajen kashe na'ura mai lafiya da hannunka. Amma gara ka gano gorarka tana yoyo kana gida da ka gano a tsakiyar daji.

Masu haɓaka Linux ma ba su daina neman rage farashin ba. A shekarar 2025 an shigar da wani zaɓi, wanda injiniyoyin SUSE suka kawo, da ke ba da damar a ara wa manhajoji wani ɓangare na yankin su yi amfani da shi kafin ranar rushewa. Sai dai masu zaɓin da kansu sun yi gargaɗi cewa yana ƙara yiwuwar gazawa, saboda matsalar nan ta kayan ƙarfe masu ci gaba da rubutu, har aka sanya ɗan jira kafin miƙa ragama domin rubuce-rubucen su lafa. Kuma abin da manhajoji suka ajiye a wurin ba zai shiga shaida ba. Ci gaba ne mai amfani ga wanda memori ya yi wa tsada, amma ya tabbatar da ƙa'idar: gwargwadon abin da ka ara daga ajiya, gwargwadon abin da ka rage na tabbaci.

Darasi daga wajen Linux

Wannan tunani bai tsaya ga Linux ba. Windows ta zaɓi wata hanya: tana tanadar wuri a faifai, tare da keɓantaccen kwafin direban faifai, ta rubuta memori a can lokacin da shuɗin allon nan ya bayyana. A manyan na'urorin POWER na IBM kuma akwai hanyar da manhajar allon uwa ce ke riƙe memorin har sabon kanel ya tashi. Hanyoyin sun bambanta, amma kowace tana ajiye wani abu tun kafin buƙata.

An ga amfanin haka a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows da Microsoft ta ƙiyasta sun kai miliyan 8.5. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Binciken da Microsoft ta wallafa bayan 'yan kwanaki ya dogara ne a kan hotunan memorin na'urorin da suka rushe, waɗanda suka nuna direban kamfanin yana ƙoƙarin karanta wurin da ba shi da izini. Rahoton kamfanin na watan Agusta ya bayyana tushen: an tsara a karɓi bayanai 21, aka kawo 20, neman na ashirin da ɗaya ya zarce iyaka. Bayani mai wannan daidaito ba ya fitowa daga zato.

Harkar jiragen sama ta riga mu fahimtar wannan da daɗewa. Na'urar naɗar bayanan jirgi ba ta ƙara masa sauri, ba ta ɗaukar fasinja, nauyi ne kawai a duk tafiyar da aka sauka lafiya. Jirgin Air France mai lamba 447 ya faɗa Tekun Atlantika ranar 1 ga Yunin 2009 da mutum 228, a hanyarsa daga Rio de Janeiro zuwa Paris. An yi kusan shekara biyu ana nema kafin a ciro na'urorin daga zurfin kusan mita 3,900 a watan Mayun 2011. Sai a lokacin aka san dalla-dalla yadda ƙanƙara ta toshe ma'aunan gudu da yadda matuƙa suka amsa, aka kuma gyara horon matuƙa a kan haka. Ba na kwatanta mutuwar sabar da asarar rayuka. Abin da nake ɗauka daga misalin shi ne ɗabi'ar sana'ar da ta yarda cewa kowane hatsari bashi ne, kuma ana biyansa ne da ilimin da zai hana na gaba.

Abin da ya rage ga mai karatu

Idan kai ne injiniyan, aikin a bayyane yake. Duba ko an keɓe memori a na'urorinka, duba ko an loda kanel na biyu, tabbatar wurin ajiya yana da sarari, sannan ka sa ranar gwaji a kalanda. Ga ƙananan na'urori ka kunna ko da mai adana saƙonnin ƙarshe ne.

Idan kuwa ke ce shugabar sashe, ko kai ne daraktan da ba ya taɓa allon umarni, ba sai kun san ma'anar kexec ba. Tambayoyi uku sun isa a taron mako mai zuwa. Idan babbar na'urarmu ta rushe daren yau, me za mu samu da safe da zai gaya mana dalili? Yaushe aka gwada wannan na ƙarshe, kuma wa ya ga fayil ɗin da idonsa? Wa ke da ikon buɗe shi, kuma kwana nawa muke ajiye shi? Idan amsar ta biyu ita ce ba a taɓa gwadawa ba, kada a nemi wanda za a zarga. A ba injiniyan awa biyu a daren Asabar, da izini a rubuce cewa an yarda ya rusa na'urar da gangan, a kuma nemi ya kawo sakamakon ranar Litinin.